Maganar Wiwi: Ku Matso, Yau Ba Wanda Zan Ɗaga wa Ƙafa

Na san tun daga ganin take wasunku sun ja a'uziyya. Malam ya ture mujallar gefe, yana cewa yau kuma marubucin nan ya ɗebo abin da zai karya masa alwala. Ƙanena na bayan tasha kuwa har ya gyara zama, yana zaton ya samu babba guda da zai tsaya masa. Malam, jawo mujallarka, ban zo tallar ganye ba. Ƙanena, rage wannan murmushin, domin kai za ka fi kowa shan tsiya yau. Alhaji ɗan kasuwa, Hajiya uwar yara, da kai Honarabul da kake leƙe ta gilashin mota, kowa ya jira layinsa.

Wanda zai fara tare ni daga Karkarna yake, kuma na san abin da zai ce: "Mu a Yankwashi gero muke nomawa da dawa da wake da riɗi. Ina ruwan biri da gada? Wannan rigimar 'yan Kudu ce da Turawa." Rabin maganarka gaskiya ne, ɗan'uwa, daga Kudu aka taso da ita. A 2019 gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya je ƙasar Tailan ya ga yadda ake noman wiwi don haɗa magani, ya dawo yana kiran gwamnatin tarayya kada ta bari kuɗin harkar su wuce mu. Kafin shi Omoyele Sowore ya nemi shugabancin ƙasa da alkawarin fitar da ita kasuwar duniya. 'Yan majalisa irin su Benjamin Kalu da Miriam Onuoha sun kai ƙudirori Majalisar Wakilai, a watan Maris na 2023 aka yi ta cacar baki har aka jingine maganar. Shugaban hukumar NDLEA kuwa, Janar Buba Marwa, tun da ya hau kujerar a 2021 yake nanata cewa ba za a buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar zuƙarta ba.

Saura ɗaya rabin. A dazuzzukan Ondo da Edo da Delta da Osun ake nomanta, amma bakin da ke zuƙa bai san shiyya ba. Hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure ta bi, iyakar Nijar kuma ga ta nan bayan Babura, kaya na hawa suna sauka dare da rana. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14 da dubu 300 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda, miliyan 10 da dubu 600 daga cikinsu wiwi suka sha. Kano ta tashi da kashi 16 cikin 100, Jigawa kashi 7, mafi ƙanƙanta a Arewa maso Yamma. Na ga ka fara tafi, kana shirin kiran abokinka na Kano ka yi masa dariya. Dakata tukuna. Wannan kashi 7 ɗin mutum kusan dubu 211 ne, alhali duk mutanen da aka ƙirga a ƙaramar hukumar Yankwashi a ƙidayar 2006 ba su cika dubu 100 ba. Fiye da Yankwashi biyu ke nan, har da jarirai da tsofaffi. To, yanzu kira shi.

Ƙanena, matso kusa, amma tsaya ta inda iska ba za ta kaɗo mini ba. Hujjarka ta farko na haddace ta: "Yaya, ai ganye ne, Allah ne ya halitta." Madalla da wannan tauhidi. Zaƙami ma Allah ne ya halitta, kuma duk wanda aka taɓa zuba wa shi a kunu a gidan biki zai ba ka labari, in har ya tuna. Tumfafiya ga ta nan fal a bayan gari, ban taɓa ganin ka tsinko ta ka yi kwaɗo ba. Abin da ke cikin ganyen shi ne abin tambaya. A wiwi akwai sinadarin da ake kira THC, shi ke bugarwa, akwai kuma CBD, wanda ba ya bugarwa. Masu noma ba wawaye ba ne, sun san abin da kake biya domin shi, don haka shekara da shekaru suna zaɓen irin da THC ya fi yawa a ciki. A Amurka, wiwin da hukuma ke kamawa a 1995 THC ɗinsa wajen kashi 4 cikin 100 ne, zuwa 2014 ya kai wajen kashi 12, bai kuma tsaya nan ba. Irin waɗannan masu ƙarfin ne kuke yi wa laƙabi da Laud da Arizona. Wadda kuke kira Kolos kuwa sau da yawa sinadarin ɗakin gwaji ne aka fesa wa busasshen ganye, ko mai sayar maka bai san me ke ciki ba. Ina maganar "Allah ne ya halitta" ta tsaya?

Sai ka ce, "Ai mutanen da ma sun sha, ba abin da ya same su." Waɗanne mutanen da? Masana tarihi sun fi danganta yaɗuwar wiwi a Najeriya da bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin da suka je Bama da Indiya suka dawo, tare da ma'aikatan jiragen ruwa. Kakan kakanka goro ya sani da taba gari. Wanda ma ya sha a zamanin Gowon, abin da ya zuƙa bai kama ƙafar naka ba wajen ƙarfi.

Ga abin da likitoci suka gano, ka saurara ko da ido ɗaya ne a buɗe. Cikin mutum 10 da ke sha, kusan 1 zai wayi gari ba ya iya bari. Ga wanda ya fara tun yana ɗan saurayi, lissafin ya koma 1 cikin 6, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Wani babban bincike da aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil, aka buga a mujallar likitoci ta Lancet Psychiatry a 2019, ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha kusan sau 3 wajen haɗarin taɓin hankali irin na jin muryoyi da zargin kowa, mai shan mai ƙarfin kullum kuma kusan sau 5. Na ji ka: "Ga wane nan, shekara 20 yana sha, lafiyarsa lau." Ban musa ba, ba kowa take kayarwa ba. Matsalar ita ce ba a rubuta wa kowa a goshi ko shi ne za ta kayar, kuma wanda ke da mai irin wannan ciwon a danginsu ya fi kowa kusa da ramin. Shi wanen naka kana ganinsa ne don yana nan a majalisa. Abokinsa da aka kai asibitin masu taɓin hankali na Kazaure ko na Dawanau ba ya zuwa hira, shi ya sa ba ka sa shi a lissafi.

Batun cewa tana ba ka ƙarfin aiki kuwa, zan yarda ranar da na ga kunyar da ka yi wa Baba ta miƙe. Ƙarfin da ke sa mutum ya yi awa guda yana kallon fartanya yana dariya, ban san a wace gona ake biyan ladansa ba.

Hujjarka ta ƙarshe ita ce Turawa sun halatta. Wasu sun halatta, gaskiya ne. Yurugwai ta fara a 2013, Kanada ta bi a watan Oktoba na 2018, Jamus a watan Afrilu na 2024. Amma ka karanta sharuɗɗan? A Jamus sai ka cika shekara 18, giram 25 kaɗai za ka riƙe a waje, tushe 3 za ka shuka a gida, kuma ba ka isa ka kunna kusa da makaranta ba. A Kanada, bayan an fara sayar da alewa da cincin masu wiwi, yawan ƙananan yaran da ake garzayawa da su asibiti don sun ci bisa kuskure ya ƙaru ƙwarai. Tailan ɗin da Akeredolu ya je koyo ta saki abin gaba ɗaya a 2022, shaguna suka cika Bankok, zuwa 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Malamin da aka je ɗaukar darasi wurinsa ya goge allonsa, kai kuma kana nan kana biya tsohon karatu.

Alhaji, na ga kana gyaɗa kai kana jin daɗi ana ragargazar yaro. Ajiye kalkuletar nan, layinka ya zo. Kai ba ka sha, ko warinta ba ka so, dala kawai ka hango. Ka ji Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Maroko ta yi doka a 2021, Gana ta yarda a noma irin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba don masana'antu, sai ka fara lissafin kadada nawa za ka saya tsakanin Roni da Gwiwa. Tambayi ƙananan manoman Lesoto, waɗanda suka gaji noman daga iyayensu, wa ya samu lasisin. Kuɗinsa ya fi ƙarfinsu, kamfanoni masu jarin waje suka kwashe, su kuma suka ci gaba da sayarwa ta bayan fage kamar da. A Kanada ma manyan kamfanonin wiwi sun tafka asarar biliyoyin dala bayan zumuɗin farko ya lafa.

Sannan wiwin magani ba a shanya shi a bakin titi awaki na bi ta kai. Mai saye a Turai zai auna maganin ƙwari da ƙura da fumfuna, kowane buhu da takardarsa tun daga gona. Ka tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda yawan maganin ƙwarin da muke zuba masa. Wake fa, Alhaji, wanda muke nomawa tun kaka da kakanni. Ga zoɓo ga riɗi, Jigawa na sahun gaba a nomansu, 'yan kasuwa na lodi a Maigatari, zoɓonmu har Meziko yake zuwa. Ba mai kama ka, ba mai yi maka wa'azi a kansu. In dalar kake so, ka kafa injin tacewa da gyarawa a Kazaure, mu daina sayar da su da ƙasa da tsakuwa a farashin banza.

"A'a," in ji Alhaji, "ai doka za a kafa, a sa ido sosai." Wane ido? Maganin tari mai kodin a da halattacce ne, da lambar hukuma a jikinsa, dokarsa ta ce sai da takardar likita. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Ko ka ce an yi ƙari a lissafin, kwalaben da aka riƙa sharewa a bayan makarantu da lungunan unguwa ba aljanu suka shanye su ba. Sai da BBC ta fitar da rahoton bincikenta a ƙarshen Afrilun 2018 sannan gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi, cikin kwana ɗaya tak. Tiramadol ma da dokarsa, amma wane ƙauye ne yaro zai nema ya rasa? Kafa dokar sayar da wiwi a inda ba a iya tsare kemis ba, daidai yake da sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo uku a gidan da dangarsa ta faɗi.

Malam, tun ɗazu kake cewa "Allah Ya yi maka albarka." Amin, amma riƙe sauran addu'ar sai ka ji naka. A kan haramci ba mu da saɓani. Malamai sun gama wannan magana tun ƙarnonin baya, Ibn Taimiyya ya yi fatawa mai zafi a kan hashisha, Zarkashi ya rubuta littafi sukutum a kanta, kuma babu ƙudirin majalisa da zai mai da abin maye halal. Inda za mu rabu shi ne maganarka ta "a kama su duka a ɗaure, in ta kama a harbe." Malam, an gwada. A 1966 gwamnatin Janar Ironsi ta yi dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, shekara 10 ga mai sha. A 1975 aka sassauta. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sake tsanantawa, har aka harbe mutum 3 a Legas a 1985 kan hodar ibilis. A 1989 aka kafa NDLEA. A 2024 Majalisar Dattawa ta sake kaɗa ƙuri'ar kisa ga dillalai kafin a koma kan ɗaurin rai da rai. Bayan duk wannan, masu sha sun haura miliyan 10. Gidajen yarin ƙasar nan gaba ɗaya mutum wajen dubu 80 ke ciki, sun riga sun cika sun batse, kuma mafi yawansu jiran shari'a suke. Ina za ka zuba miliyan 10? Ko a zaurenka za mu fara ajiye na unguwarku?

Ka kuma duba wa ake kamawa. Yaron da aka samu da ƙulli ɗaya a aljihu shi ke kwana a sel, mai tirela yana gida yana shan shayi. Yaron ya shiga yana ɗan zuƙa, ya fito ya san dillalai biyar da hanyar fasa shago. Gidan mari ma mun ga ƙarshensa. A 2019 'yan sanda sun fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da nan Daura maƙwabciyarmu, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, da yawansu iyayensu ne suka kai su da kansu don a raba su da shaye-shaye. Iyayen ba mugaye ba ne, wurin kaiwa suka rasa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su cika 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Sai a farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawan mulki. Ƙasar Fotugal tun 2001 ta daina kai mai sha kurkuku, tana tura shi gaban kwamitin da zai haɗa shi da magani, dillali kuwa har gobe ɗaure shi take yi. Ba ta halatta ba, kuma sama ba ta faɗo ba.

Kada ka haɗe rai, akwai saura. In likita ya yi wa mai ciwon daji allurar mofin a asibitin Malam Aminu Kano, daga tsiron da ake yin hiroyin da shi aka samo ta, ban kuma ji ka hana ba. A 2018 Amurka ta amince da maganin Epidiolex, wanda aka tace daga wiwi, ba ya bugarwa, ana ba yara masu wata irin farfaɗiya mai tsanani da ta ƙi jin sauran magunguna. A watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jerin mafi tsanani da ƙuri'a 27 da 25, don a samu damar bincike, Najeriya na cikin waɗanda suka ce a'a. Hukuncin larura a fiƙihu ku ne masu shi, ba zan yi muku shisshigi ba. Roƙona kawai kada ku haɗa ɗigon maganin da likita ya auna wa yarinya mai farfaɗiya da naɗin da ƙanena ke ɓoyewa a safa. Kai kuma ƙanena, kada ka ce farfaɗiya gare ka, mun san ka tun kana rarrafe.

Hajiya, ke zan yi wa a hankali, don na san ke kike kwana ba barci. Amma ki yarda, ranar da kika ga idonsa ya yi ja, ya cinye tuwon mutum uku, yana magana shi kaɗai, cewa kika yi sammu ne, kishiya ce. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yanka zakara. Da abin ya ƙi, sai dangi suka ce a yi masa aure zai natsu, aka ɗauko 'yar mutane aka haɗa ta da jinyar da ba ta san da ita ba. Ki yi addu'a, ki ƙara, amma ki haɗa da asibiti tun abin yana ɗanye. Kunyar a ce an ga ɗanki a layin likitan ƙwaƙwalwa ba ta kai ta ranar da za a gan shi yana tsince-tsince a kasuwa ba.

Honarabul, sauke gilashin. A majalisa kai ne mai hawaye kan tarbiyyar matasa. To wa ke ba yaran nan kuɗin caji ranar gangami, su hau bayan mota suna ɗaga gora? Da kuɗin wa ake belinsu kafin la'asar? In zaɓe ya wuce sai ka canja lamba, ka bar wa Hajiya da Malam da 'yan Hisba ragowar.

Ga inda na tsaya, don kada wani ya je ya ce na ce. Tambayoyi uku ne aka cusa a buhu ɗaya. A buɗe kasuwar wiwi kowa ya saya ya zuƙa? A'a, ko don abin da kodin ya yi mana. A bar masana su yi bincike, likita ya ba da tataccen magani a asibiti? Wannan a zauna da malamai da likitoci a duba, ba abin tashin hankali ba ne. Yaron da aka kama da ƙulli ɗaya, kurkuku ko magani? Magani, a ajiye kurkukun don mai tirela da mai ɗaure masa gindi.

Saboda haka in masu neman ƙuri'a sun zo Karkarna ko Roni ko Gwiwa ko Babura, kada ku ɓata lokaci kuna tambayarsu ko suna goyon bayan wiwi, dukansu za su ce a'uzubillahi har da dafa ƙirji. Ku tambaye su gado nawa za su ƙara a asibitin Kazaure, likita nawa za su ɗauka, wa zai riƙa leƙa kemis-kemis, da wace sana'a za a ba yaro in an sallamo shi. Wanda ya fara kame-kame, ku duba bayan motarsa ku ƙirga jajayen idanu. Masu shirin rubuto mini raddi kuma ina maraba, sharaɗi ɗaya ne: ƙanena ya rubuta nasa da safe kafin ya kunna, Alhaji kuma ya manna wa tasa wasiƙar kan sarki da kuɗinsa, kada ya jira dalar Lesoto.